Darasi: Yadda ake daidaita esansi da iska a tsohuwar mota

Ranar kasuwa tsofaffin motoci ne ke kai hatsinmu da bisashenmu Maraɗi, Damagaram da Tawa. Wasunsu Peugeot 404 ne, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1960. Wasu kuma 504 ne, wadda ta fito a 1968. Motocin da ake ƙerawa yanzu galibi ba su da karbiratar, amma waɗannan tsofaffi suna da shi. Haka ma babura da yawa, da injin ban ruwa na garka.

Mene ne aikin karbiratar?

Inji ba ya ƙona esansi, wato man fetur, shi kaɗai. Sai an gauraya shi da iska. Karbiratar shi ne ke wannan gauraya, kamar mai dama fura. In ruwa ya yi yawa, fura ta tsinke. In ya yi kaɗan, ta yi kauri. Gwargwadon da inji ke so shi ne wajen kilo 15 na iska ga kilo 1 na esansi.

Tsohuwar mota da wuya ta kasance yadda aka ƙera ta. An sake mata inji, ko matatar iska, ko bututun hayaƙi. Wani lokaci an ɗauko karbiratar na wata mota an ɗaura mata. Duk sa'ad da aka yi haka, yawan iskar da ke shiga yana iya sakewa. Dole a sake daidaitawa.

In esansi ya yi yawa

Hayaƙi yana fita baƙi ƙirin. Ana jin warin esansi. Mota tana shan mai da yawa, kuma ba ta da ƙarfi. In ka kwance buji, za ka ga bakinsa baƙi, da kunkunniya. Amma in hayaƙin shuɗi ne, ba laifin karbiratar ba ne. Inji ne ke ƙona baƙin mai.

In esansi ya yi kaɗan

Mota tana wuyar tashi da safe. In an taka ta, sai ta yi tari kafin ta tafi. Inji yana zafi ƙwarai. Bakin buji yana fari fat. Wannan ya fi haɗari, don zafin yana ƙona supap, yana iya ma huda fistan.

Wasu direbobi suna matse esansi don su yi tattalin kuɗi. Wannan araha ce wadda ba ta ado. Abin da suka rage a tashar mai bai kai kuɗin sauke inji ba. Buji mai lafiya bakinsa kalar ƙasa ne, kamar gasasshiyar gyaɗa.

Kafin a taɓa karbiratar

A fara duba matatar iska. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin karkara tana toshe ta. In ta toshe, iska ba ta shiga sosai, sai esansi ya rinjaya. Sau da yawa share ta kaɗai ya isa. Kada a cire ta a yar, don rairayi yana cin inji. A duba buji da wutar inji. A duba ko akwai wata kafa da iska ke satar shiga a gindin karbiratar. A tabbata esansin ba shi da ruwa ko datti. Wanda aka saya a kwalba, a tace shi da tsabtataccen ƙyalle.

Yadda ake daidaitawa

A jikin karbiratar akwai bis biyu, wato ƙusoshi masu murɗawa. Ɗaya na ralanti ne: shi ke ƙara ko rage gudun inji in mota tana tsaye. Ɗayan na gauraya ne: shi ke ƙara ko rage esansi.

1. A tsayar da mota a fili, a ja birkin hannu. Kada a yi aikin cikin ɗaki a rufe. Hayaƙin mota yana da guba marar wari, tana kisa. Kada kowa ya sha taba kusa.
2. A tada inji, a bari ya yi zafi. A mai da sitata, wato abin da ake ja da safe, wurinsa.
3. Da turnabis, a murɗa bis na gauraya ciki, rubu'in zagaye kowane karo. A dakata kaɗan, a saurara. A riƙa ƙirga zagayen, don a iya komawa inda aka fara.
4. In inji ya fara rawa kamar zai mutu, a tsaya. A murɗo shi waje sannu a hankali, har inji ya yi sauti mai daɗi, ba gargada.
5. In gudun ya yi yawa, a rage shi da bis na ralanti.
6. A yi tafiya da motar, a bari ta huce, a sake duba launin buji.

Kada a ɗaure bis na gauraya da ƙarfi, don bakinsa siriri ne, yana lalacewa. A babura da yawa kuma, bis ɗin na iska ne: murɗa shi ciki yana ƙara esansi. A tambayi makanike tukuna.

Inda bis ba ya isa

Bis na gauraya yana aiki ne sa'ad da inji ke ralanti. In mota tana gudu, esansi yana bi ta wata ƴar huda da ake kira jikilar. Kowane jikilar yana da lamba a jikinsa. In an sake inji, wataƙila lambar ba ta dace da shi ba. Wannan aikin gwanin makanike ne. Kada a faɗaɗa hudar da allura ko waya. In ta faɗaɗa, ba ta komawa.

Tambayoyi

1. Buji ya yi fari fat. Me wannan ke nufi?
2. Me za a fara dubawa kafin a taɓa bis?
3. Lissafi: a ce mota tana shan lita 15 a kilomita 100. Bayan gyara tana shan lita 12. Lita nawa aka rage a tafiyar kilomita 300?

Ku tattauna amsoshin da malaminku, ku karanta wa direban garinku wannan darasi.