Takardar Bangon Aji: Darasi Kan Tarbiyyar Gida

 

Ya ƴan'uwa, wani lokaci malamin lakwal kan ba yara aikin gida: kowa ya samu babbar takarda ya rubuta ko ya zana kyawawan ɗabi'u da al'adun gidansu, a liƙa a bangon aji. Da yawa daga cikinmu mukan karɓe aikin daga hannun ƙannenmu, mu rubuta "haƙuri, gaskiya, biyayya" cikin gaggawa, mu sallame su. Alhali wannan ɗan aiki dama ce ta tarbiyya, kuma tarbiyya ita ce jarin ɗan ɗariƙa.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kwatanta zuciyar yaro a cikin Ihya'u da dutse mai daraja wanda ba a yi masa zane ba tukuna, duk abin da aka zana masa zai karɓa. Ashe takarda biyu ce a gabanmu. Ta bango rana da ƙura za su cinye ta kafin hutu. Ta ƙirji kuwa da ita yaro zai tsufa.

Na farko: a tura yaro wajen manya

Kada a fara da alƙalami. Yaro ya je ya durƙusa gaban kakarsa ya ce, "Iya, yaya kuke gaida manya a zamaninku? Me ya sa ba ki faɗin sunan Baba?" A nan zai ji labarin alkunyar ɗan fari daga bakin mai ita. Ya tambayi kakansa yadda ake noman gandu da gayya. An ruwaito cewa mahaifiyar Imamu Malik ta umarce shi da ya koyi ladabin malaminsa Rabi'a kafin iliminsa. Haka ladabi yake tafiya, daga mutum zuwa mutum, kamar yadda muridi yake karɓar wuridi daga muƙaddami. Wanda ya kwafo jerin kalmomi daga waya ya cika takarda, amma ya yanke wannan silsila.

Na biyu: a rubuta aiki, kada a tsaya ga kalma

Yaro ɗan shekara 8 bai san faɗin kalmar "zumunci" ba. Amma ya san ranar da aka bi hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya domin sunan ɗan goggonsa. Ya san kwanon tuwon da ake aikensa ya kai wa tsohuwar maƙwabciya da magariba. Ya san akushi ɗaya da ake zagayewa, ƙarami ba ya riga babba sa hannu. Waɗannan zai rubuta. Ku duba Suratu Luƙman, aya ta 13 zuwa ta 19: bayan tauhidi da haƙƙin iyaye da salla, nasihar ta sauko har kan yadda ake tafiya da yadda ake sassauta murya. Wannan tsari ya isa abin koyi.

Na uku: a tace al'ada

Ba kowace al'ada ce take hawa bango ba. Wadda ta dace da shari'a, irin gaisuwa da kunya da karɓar baƙo da yawon salla, mu riƙe ta da kyau. Wadda ta saɓa, irin camfi da almubazzarancin biki da hana ƴa mace karatu, a bayyana wa yaro cikin taushi dalilin barinta. Wannan tacewa ma darasi ce.

Na huɗu: ladabin takardar kanta

Kada a rubuta ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a takardar da wata rana za ta faɗo ƙasa a share ta tare da shara. A rubuta ma'ana da Hausa, in malami ya nema a ƙara fassarar Faransanci, kuma kan takardar da ajami zai yi kyau. Wajen ado muna da gadonmu: allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, da layukansa da launukansa. Yaro zai iya kewaye takardarsa da irin wannan zane, ya sa rumbu da akushi da tabarma da kwale-kwalen masunta.

Yaron Madarunfa kuma yana da abin da zai zana wanda wasu ba su da shi: tafkin garinmu da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, wurin da Nijar ta shigar cikin jerin share fage na kayan tarihin duniya na UNESCO a 2006. Baƙi suna zuwa ziyara daga nesa. Yaro ya rubuta yadda gidansu yake tarbar su da ruwa da abinci, da yadda ake yi wa mamata sallama da addu'a cikin natsuwa.

Abin da ya fi nauyi

Takardar nan shaida ce a kanmu. Idan yaro ya rubuta "a gidanmu ba a ƙarya", alhali jiya an aike shi ya ce wa mai bin bashi "ba ya nan", to mun koya masa cewa rubutu daban, rayuwa daban. Wannan ya fi takarda fara illa. Idan mun cika zawiya wajen wazifa amma murya tana tashi a kan iyaye mata a cikin gida, yaro ya gani, kuma abin da ya gani shi zai ɗauka.

Don haka idan an gama, uba ko yaya ya zauna da yaron su karanta layi-layi. Duk layin da gida bai cika ba, kada a goge shi. A bar shi ya zama alkawari, a fara cika shi tun daga daren nan.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara mana ladabi da soyayyar Annabi (SAW). Amin.