Gishiri a Cikin Miya: Darasi a Kan Maƙoƙo da Hawan Jini

Babu gidan da a ke wuni ba a taɓa gishiri ba. A darasin wannan wata za mu duba cututtuka biyu masu daɗewa a jiki, watau maƙoƙo da hawan jini. Ta fari tana zuwa saboda rashin wani abu ɗan kaɗan cikin abinci. Ta biyu kuwa yawan gishiri ya kan tsananta ta. Dukansu biyu sun gamu a cokalin da uwargida ta ke zuba gishiri a miya da shi. Ku karanta a hankali, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

1. Maƙoƙo da Dalilinsa

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi. Aikinta shi ne ta sarrafa wani ruwa da ke tafiyar da girman jiki, da ɗuminsa, da kaifin hankali. Ba ta iya wannan aiki sai da wani sinadari da a ke kira aidin. Abin da babban mutum ya ke bukata a rana kashi 150 ne cikin miliyan na giram ɗaya. Ko an tara na shekara 70 ba zai kai giram 4 ba. Amma idan wannan ɗan kaɗan ya rasa, tsokar nan ta kan yi ta kumbura domin ƙoƙarin kama abin da babu. Kumburin nan shi ne maƙoƙo.

Aidin yana da yawa cikin teku da kifin teku. A ƙasashen tuddai da waɗanda ke nesa da teku, ruwan sama ya wanke shi daga ƙasa tun da daɗewa, saboda haka hatsin da a ke nomawa a can ba shi da isasshe. Shi ya sa a dā a kan ga maƙoƙo da yawa a wasu ƙauyukan kan duwatsu. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba ya kan ƙara abin, gama akwai dafi a cikinsa mai hana tsokar nan kama aidin.

Kumburin wuya shi ne abin da ido ke gani, amma babbar hasara tana kan jarirai. Mace mai ciki da ta rasa aidin tana iya yin ɓari, ko ta haifi yaro wanda hankalinsa da jikinsa ba za su cika girma ba, wani ma ya tashi kurma. Wannan hasara ba ta gyaruwa daga baya.

2. Yadda Aka Sami Rigakafi

A shekarar 1917 wani likita mai suna David Marine ya fara gwaji a makarantun garin Akuron, a jihar Ohayo ta Amurka. Aka ba 'yan mata 2,190 aidin kaɗan kaɗan, biyar kaɗai suka yi maƙoƙo. Cikin 2,305 da ba su sha ba, 495 suka kamu. Sai masana suka yi tunani, wane abu ne kowa ke ci kullum, mai arziki da matalauci? Gishiri ne. Ƙasar Suwizalan ta fara sa aidin cikin gishiri a 1922, Amurka ta bi a 1924. A Nijeriya an kafa dokar sa aidin cikin gishirin ci a 1993.

To, ga misalin ƙarin abinci na gaskiya. An san abin da jiki ya rasa, an auna shi, an mayar masa daidai gwargwado, cuta kuwa ta ragu. Gishirin gargajiya, irin su kantu da beza da ayari ke kawowa daga Bilma, da manda, ba a ƙara musu aidin ba. Don girkin iyali sai a sayi na cikin leda wanda aka rubuta yana da aidin. A ajiye shi cikin kwano mai murfi, nesa da murhu da laima, gama zafi da danshi su kan rage aidin.

Amma maƙoƙon da ya girma ya daɗe ba ya kan baje da gishiri ba, kuma ba kowane kumburin wuya ne na rashin aidin ba. Mai kumburi sai ya je likita ya duba shi. Kada kowa ya sha aidin na kwalba wanda a ke shafa wa rauni, wannan dafi ne a ciki.

3. Hawan Jini

Yanzu mu juya ɗaya gefen cokali. Cikin gishiri akwai sinadarin sodiyam, wanda ke riƙe ruwa a jiki. Idan ya yi yawa, jini ya kan matsa wa jijiyoyi, kamar rafin da ya cika yana cin gaɓarsa. Idan awon jinin mutum ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye, an auna a ranaku dabam dabam, a kan ce yana da hawan jini.

Wannan cuta ba ta sallama. Mutum yana iya yin shekaru da ita yana noma, yana cin kasuwa, bai ji kome ba. Wata safiya sai a tarar ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Wani zuciyarsa ce ke gajiya, wani kuwa ƙodarsa. Sa'an nan ɗawainiya ta faɗa wa dukan gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, watau kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya shafaffe. Wannan ya haɗa da dukan abin da ya ci tun safe har dare. Lissafin hukumar ya nuna abin da mutanen duniya ke ci ya kai ninki biyu na wannan.

Gishiri yana ɓuya a wuraren da ba mu zato. Kusan rabin nauyin dunƙulen magi gishiri ne. Yana cikin burodi, da taliyar leda, da kifin gwangwani, da yajin tsire. Kanwa ma tana da sodiyam da yawa. Cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura masu jego da yawa suna zuwa da kumburin jiki da gajiyar zuciya, suka kuwa danganta wannan da yawan shan kunun kanwa tare da zafin wankan jego. Ya kamata iyaye mata masu kula da jego su riƙe wannan.

4. Abincin da Ke Taimako

Akwai wani sinadari, fotasiyam, mai taimakon jiki ya fitar da sodiyam. Ba sai an saye shi a kanti ba. Yana cikin wake, da dankali, da ayaba, da tumatir, da alayyafo, da zogale. A ƙasar Sin an yi gwaji a ƙauyuka 600, da mutane kusan 21,000. Aka ba rabinsu gishirin da aka musanya kashi ɗaya cikin huɗu nasa da fotasiyam. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a cikinsu. Amma mai ciwon ƙoda kada ya taɓa irin wannan gishiri sai da izinin likita, gama fotasiyam na iya taruwa a jininsa ya tsayar da zuciya.

Zoɓon da ba a cika masa sukari ba ya kan rage hawan jini kaɗan. Rage ƙiba, da tafiya a ƙasa, da barin taba da giya, duk suna taimako.

5. Gargaɗi

A kasuwa da cikin mota za ku gamu da masu tallar ƙwayoyi da garin ganye, suna cewa kwalba ɗaya za ta raba mutum da hawan jini har abada. Kada ku yarda. Ƙarin abinci yana amfani ne inda jiki ya rasa wani abu sananne, kamar yadda muka gani game da aidin. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini, ya ci gaba da sha ko da yana jin garau. Gyaran abinci yana tafiya tare da magani. Likita ne kaɗai zai ce a rage, bayan ya auna.

Abin Yi a Gida

(a) A sayi gishiri mai aidin, a yi amfani da shi kaɗan. Ɗan kaɗan ɗin nan ya isa rigakafin maƙoƙo.
(b) A riƙa auna gishiri da cokali, a bar ɗiba da hannu.
(c) Idan an sa magi, a rage gishiri. A ƙara albasa, da tafarnuwa, da citta, da daddawar da ba a sa mata gishiri ba.
(d) A rage sannu sannu. Cikin 'yan makonni harshe zai saba. Sannu ba ta hana zuwa.
(e) Kowane babba ya je a auna jininsa ko sau ɗaya a shekara. Mai ciki kuwa ta riƙa zuwa awo.

Maigida, idan ka ji miya ta yi salam a makon fari, kada ka yi wa uwargida faɗa. Ranka ta ke kiyayewa.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Don me aka zaɓi gishiri ya zama abin ɗaukar aidin?
2. Wace hasara ce rashin aidin ke jawo wa jariri?
3. Ku ambaci abubuwa huɗu a gidanku da gishiri ke ɓuya a ciki.
4. Maƙwabcinka ya bar maganin likita ya koma shan garin ganye. Me za ka faɗa masa?
5. Su wane ne a gidanku ba a taɓa auna jininsu ba? Yaushe za ku kai su?