Barcin Kwamfuta Iri Biyu Ne

Wata safiya cikin hunturu, 'yan aji biyar suka bar rubutun da suke bugawa a kwamfuta suka tafi taron safe. Hazo ya kwana uku yana tare rana, saboda haka batiran sola ba su cika ba. Kafin su dawo inbata ta yi ƙara ta mutu, shafi shida na aikinsu suka salwanta. Da muka tambaye su, sai suka ce, "Ai Malam, mun sa ta barci." Wannan amsa ce ta sa muka ga ya kamata mu rubuta wannan darasi.

Kwamfutocin ɗakinmu da Linux suke aiki, wato manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Kyauta ce, kowa kuma yana da izinin gyara ta. Irin wadda muke da ita sunanta Ubuntu, ta fara fitowa a 2004. Tun da JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, ɗakin nan ba ya rabo da mutane, mu kuwa nan tsakanin Bichi da Ɗambatta mun san wuta abar lallaɓawa ce.

To, kwamfuta tana da wurin ajiya biyu. Akwai ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM, akwai kuma faifan ajiya. Ƙwaƙwalwar aiki kamar shanya ce a tsakar gida, faifai kuwa shi ne rumbu. Abin da ke cikin ƙwaƙwalwar aiki ba ya zama sai da wuta. Da zarar ta yanke, ko na ƙiftawar ido ne, ya tafi.

Barci na farko shi ne wanda aka rubuta Suspend a allo, mu ce masa gyangyaɗi. Allo da fanka da faifai duk suna tsayawa, amma ana ci gaba da ɗiga wa ƙwaƙwalwar aiki 'yar wuta kaɗan. Ana taɓa maɓalli sai ta farka nan da nan. Ga kwamfutar cinya wannan daidai ne, domin tana da batirinta. Ga ta tebur kuwa, shanyar tana waje, ba mai tsaronta. Wani abin lura shi ne, kwamfutar tebur ba ta san daga inbata take shan wuta ba. Ita dai a wurinta an jona ta a bango, don haka ba za ta yi gargaɗi ba in batiran sun kusa ƙarewa.

Barci na biyu shi ne Hibernate. Mu mun sa masa suna barcin gaiwa, domin kamar yadda gaiwa take shigewa cikin laka ta jira damina, haka kwamfuta take kwashe dukan abin da ke ƙwaƙwalwar aiki ta rubuta a faifai, sa'an nan ta mutu ɗungum. Ko bayan mako aka kunna ta, za a tarar da aiki inda aka bar shi. Sai dai Ubuntu ba ta sa wannan a jerin maɓallan kashewa ba. Dole a keɓe masa wuri a faifai mai suna swap, wanda girmansa ya kai na ƙwaƙwalwar aiki, a kuma nuna wa kwamfuta inda za ta nemo shi in ta tashi. Bayan haka malami zai gwada da umarnin systemctl hibernate. Ba kowace tsohuwar na'ura ce take farkawa lafiya ba, shi ya sa muke gwaji da takardar da ba ta da amfani tukuna.

Ga yadda muka daidaita namu. A cikin Settings, a sashen Power, mun sa allo ya mutu bayan minti 5, gama allo yana shan wuta ba kaɗan ba, kashe shi kuma ba ya taɓa aikin kowa. A kwamfutocin tebur mun kashe Automatic Suspend gaba ɗaya, don kada wani ya sake ruɗuwa da shi. A na cinya mun bar shi a minti 15 in suna kan batir. Wanda ya rufe murfin tasa, ya saurara ya ji fanka ta yi shiru kafin ya sa ta a jaka, musamman a zafin Afrilu.

LibreOffice da muke rubutu da ita tana iya ajiye kwafin ceto kowane minti 10, mun kuwa tabbatar an kunna wannan a kowace na'ura. Duk da haka, dokar ɗakin yanzu ita ce: mai tashi daga kujera ya danna Ctrl da S, mai fita taron safe ko cin abinci ya kashe kwamfutar tebur gaba ɗaya. Shugaban ɗalibai mai kula da ɗakin zai duba lambar batir a jikin inbata ƙarfe bakwai da rabi, ya rubuta ta a allon ƙofa kafin aji na farko ya shiga.