Awon Jinin Hanta: Jan Kunne Ga Mai Shan Giya

In ka taɓa tsayawa gaban mahauci ka ga hantar saniya sabuwar yanka, sumul tana ƙyalli, to irinta ce a cikinka, gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari. Ta babban mutum takan kai kilo ɗaya da rabi. Ita ke tace jini, ita ke yin ruwan matsarmama mai narkar da maiƙo, ita ce kuma ke ɗawainiya da kusan duk giyar da mutum ya haɗiye, ko burukutu ce, ko fito, ko ogogoro, ko ta kwalba mai tsada. Hanta ba ruwanta da kuɗin abin da aka sha, yawansa ne ke cinta.

Haƙuri gare ta ƙwarai. Sai ta yi shekara da shekaru tana cutuwa mai ita bai ji komai ba. Da fari kitse ke taruwa a cikinta, daga nan ta kumbura, daga bisani tabo ya mamaye ta, ta taurare, ta tsuke. Ranar da ido ya yi ɗorawa, ko ciki ya cika da ruwa, ko aka fara aman jini, ɓarna ta riga ta yi nisa. Amfanin awon jini shi ne a ji kukanta tun kafin ya fito fili.

Aikin ba wuya. Malamin asibiti zai ɗaure maka dantse da roba, ya ce ka dunƙule hannu, ya sa allura a jijiyar gwiwar hannu, ya ɗebi jini kamar cikin ƙaramin cokali ya zuba a 'yar kwalba. Shi ke nan.

A takardar sakamako za ka ga haruffa. ALT da AST sinadarai ne da ke zaune cikin ƙwayoyin hanta. In ƙwayoyin suka ji rauni sai su malalo cikin jini, lambarsu ta hau. A galibin ɗakunan awo iyakar ALT ba ta nesa da 40. Tun 1957 wani likitan Italiya, Fernando De Ritis, ya nuna amfanin gwada biyun nan da juna, yau kuma likitoci sun san in AST ta ninka ALT biyu, giya ce abin zargi na farko. GGT takan tashi ga mai yawan sha, ta sauka bayan makonni in ya daina. Bilirubin shi ne launin da ke kawo shawara. Albumin kuwa hanta ce ke yin sa, don haka in ya yi ƙasa, alama ce ƙarfinta ya fara ƙarewa.

To, ga inda gizo ke saƙa. A ƙasarmu shan giya abin kunya ne, ga Musulmi kuma haram ne, saboda haka mai sha yakan shiga wurin likita ya rantse bai taɓa kai ta baki ba. Wani kuma da gaske bai san yana sha ba, don 'yan ƙananan kwalaben nan masu ɗaci da ake sayarwa a tasha da sunan maganin basir ko ciwon baya, da yawansu giya ce a ciki. Lamba kaɗai ba ta faɗin dalili. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Afirka ta Yamma, yana ɗaga ta. Ƙiba da ciwon sukari da wasu magunguna ma haka. In ka ɓoye, likita zai bi wata hanya yana lalube, kai ne kuma za ka biya kuɗin awon da ba ka bukata. Likita ba alƙali ba ne, aikinsa kuma ya wajabta masa riƙe sirrinka. Faɗa masa me kake sha, nawa, tun yaushe.

Kada kuma wanda takardarsa ta fito da kyau ya ɗauka an ba shi lasisi. Akwai mai tabo a hanta wanda lambobinsa ke nan daidai, sai an yi masa hoton ciki a gane. Mai nau'in B kuwa in ya haɗa da giya, ya ƙara wa wuta fetur. Haka mai tashi da ciwon kai bayan sha ya riƙa afa farasitamol ba lissafi: ƙwaya 8 masu miligiram 500 ce iyakar lafiyayyen babba a yini, ta mashayi kuma ba ta kai nan ba.

Kitsen hanta kan tafi cikin makonni ko 'yan watanni in an bar sha. Tabo mai nisa ba ya gogewa, amma dainawa na rage masa gudu. Sai dai wanda ya daɗe yana sha kullum, har hannu na rawa da safe in bai kurɓa ba, kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki, domin yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya da ruɗewar hankali, har a rasa rai. Ya je asibiti a ba shi maganin da zai sauke shi a hankali, a kuma sa masa ranar da zai koma a sake ɗiban jini.