Abin da ke sa rile rawar jiki idan batirin sola ya ja baya

Wani matashi mai shagon cajin waya a Gwarzo ya aiko da tambaya. Ya haɗa na'ura da Arduino Uno don ta yanke wuta idan batirinsa mai bolt 12 ya yi ƙasa. Da rana lafiya lau, amma magariba na yi sai rile ya shiga ƙas-ƙas, yana yankewa yana mayarwa ba tsayawa.

Ɗan'uwa, rilenka lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana wajen yadda ka sa na'urar ta yanke hukunci.

A cikin ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar da ke kan Uno, akwai wani ɗan sashe da ake kira kwamfareta. Aikinsa irin na sikeli mai faranti biyu ne: ba ya faɗa maka nauyi, yana nuna ɓangaren da ya rinjaya kawai. Ƙafafunsa biyu ne, AIN0 a lamba 6 da AIN1 a lamba 7. Idan ƙarfin wutar AIN0 ya fi na AIN1, alamar ACO ta zama 1, idan ba haka ba 0. Yana yin wannan cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, alhali umarnin analogRead na cin wajen ninki ɗari na hakan. Saurin nan shi ne amfaninsa.

Batiri yana ɗauke da kaya, ya sauka ƙasa da iyaka, na'ura ta yanke. Da kaya sun sauka daga kansa sai ƙarfinsa ya ɗan farfaɗo ya haye iyakar, na'ura ta mayar, ya sake faɗuwa. Kwamfaretan da ke cikin wannan ƙwaƙwalwa iyaka ɗaya tak ya sani, sai kai ka ba shi ta biyu.

Fara da rage wutar, domin bolt 12 kai tsaye zai ƙone ƙafar. Sa rizista 100k daga batir zuwa lamba 7, da 10k daga nan zuwa ƙasa. Wutar ta koma kashi ɗaya cikin 11 ke nan. Kunna ACBG a rijistar ACSR, sai ma'aunin ciki mai bolt 1.1 ya maye gurbin AIN0. A lissafi, yankewa za ta zo a 12.1. Sannan ka ɗauki wata ƙafa da ba ka amfani da ita, ka haɗa ta da lamba 7 ta rizista 150k. Muddin ba a yanke ba, ka bar ta a matsayin shiga. Da an yanke, ka mai da ta fita, ka ja ta ƙasa. Yanzu wuta ba za ta dawo ba sai batir ya kai wajen 12.8, wato sai hantsi ya ɗaga farantin sola ya fara ciyar da shi. Ƙara kafasita 100nF tsakanin lamba 7 da ƙasa don tace hayaniya. Duk kayan nan ana samunsu a Sabon Gari a Kano, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Mai noman rani a gefen madatsar Guzuguzu ta Kabo, idan famfonsa na batir ne, sai ya ƙara jinkirin 'yan daƙiƙu kafin yankewa, saboda injin famfon yana zuƙar wuta da yawa a lokacin tashi.

Kada ka amince da 1.1 ɗin nan ido rufe. Takardar masana'anta ta yarda ya kasance tsakanin 1.0 da 1.2, kuma idan ka ninka da 11, iyakarka na iya faɗawa ko'ina daga bolt 11 zuwa 13.2. Don haka maimakon 10k ɗin, sa 8.2k haɗe da rizista mai juyawa ta 5k, ka ɗora mita a kan batir ka saita da hannunka. Waɗannan alƙaluma na batirin ruwa ne da na jel; idan lithiyom ka saya, duba na jikinsa.