Yadda A Ke Ɗinka Shimfiɗar Tebur Da Guntayen Ƙyalle

In ka shiga rumfar tela da maraice, ka duba ƙarƙashin kekensa. Za ka ga guntayen atamfa da na shadda da na alawayyo sun taru tsibi, gobe da safe yaro ya share ya zubar. Alhali kuwa ko wane guntu da kuɗi aka saye shi. A cikin wannan darasi za mu koya maka yadda za ka tara waɗannan guntaye ka ɗinka shimfiɗar tsakar tebur, watau wani dogon mayafi siriri mai ɗan kauri, wanda a ke shimfiɗawa bisa tsawon tebur. Yana ƙawata ɗaki, yana kuma tsare katako daga zafin kwano da zanen akushi.

Asalin wannan ɗinki

Ɗora abinci bisa tebur da yi masa irin wannan ado al'adar Turai da Amurka ce. A can ne kuma matan karkara suka shahara da haɗa guntaye su yi bargo. Akwai wani ƙauye a jihar Alabama ta Amurka, ana ce da shi Gis Bend, inda matan baƙar fata su kan yanka tsofaffin tufafin aiki ziri ziri su ɗinka barguna saboda sanyi. A shekarar 2002 aka nuna bargunansu a manyan gidajen adana zane na Histon da Niu Yok, a 2006 kuma aka buga hotunansu a kan sarki na gidan waya.

Amma kada ka zaci ɗinkin baƙo ne gare mu. Masaƙanmu tun dā ziri ziri su ke saƙa, sa'an nan a haɗa a yi riga ko zane. Lifidi kuwa, wanda ka ke gani jikin dawaki ran hawan salla, ba wani abu ba ne sai tufa biyu da auduga a tsakani, an bi an ɗinke. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara sa lifidi a Kano. To, haɗin masaƙa da ɗinkin lifidi su ne za ka gama wuri ɗaya.

Abin da za ka tanada

Shimfiɗar nan hawa uku ce. Na bisa shi ne fuska, wadda za ka haɗa da guntaye. Na tsakiya shi ne ciko, tsohon bargon auduga marar kauri ya isa. Na ƙasa shi ne shafi, ƙyalle ɗaya sukutum. Kada ka sa cikon roba ko soso, gama tukunya mai zafi ta kan narkar da shi. Ban da waɗannan, ka nemi almakashi mai kaifi, da alli, da abin awo mai inci, da allura da zare, da dutsen guga. In kana da keken ɗinki, madalla. In babu, hannu ma ya yi.

Ka zaɓi guntaye masu kauri ɗaya, na auduga duka. Kafin ka sa almakashi, ka wanke su, ka shanya, ka goge. Dalili biyu ne. Na farko, sabon yadi ya kan tsuke in ya sha ruwa, wani kuma ya fi wani tsukewa, in ba ka wanke ba sai aikinka ya yamutse ran wankin farko. Na biyu, wani yadi ya kan zuba. Ka jiƙa farin tsumma ka goga a kan ja da baƙi da shuɗi. Wanda ya ɓata tsumman ka fitar da shi, don zai ɓata na kusa da shi.

Awo da yanka

Za mu yi shimfiɗa mai faɗin inci 14, da tsawon inci 40. Ka yanka ziri 20, ko wane ɗaya tsawonsa inci 14, faɗinsa inci 2½. Ka yanka ɗan kwali daidai wannan awo, ka riƙa ɗora shi kana shatawa da alli, don duk su fito ɗaya. Ka lura, ka bi zaren saƙa wajen yanka. Zirin da aka yanka a karkace ya kan miƙe kamar danƙo, ba ya zama wuri ɗaya.

Me ya sa inci 2½, ba 2 ba? Domin ɗinki zai ci rubu'in inci ta dama, rubu'in inci ta hagun. Abin da ido zai gani inci 2 ne. Ziri 20 sau inci 2, inci 40 ke nan, da ɗan rabin inci na baki wanda za a rufe daga baya.

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. A ce hannunka ya zarce da sumunin inci kurum, watau rabin rubu'i. Ko wane ɗinki yana cin ƙyalle biyu, saboda haka rubu'in inci ya tafi. Tsakanin ziri 20 akwai ɗinki 19. Ka yi lissafi, za ka tarar inci 4¾ sun salwanta. In kuwa zarcewar ta gefe ɗaya ce, sai shimfiɗar ta lanƙwashe kamar lauje. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Saboda haka ka ja layi da alli inda allura za ta bi, kada ka dogara ga ido.

Haɗa fuska

Ka jera zirin duka bisa tabarma, mai duhu kusa da mai haske. Ka ja da baya ka duba, ka sāke wanda bai zauna ba. In jerin ya gamshe ka, ka ɗauki na farko da na biyu, ka kifa fuskar ɗaya bisa fuskar ɗaya, ka ɗinke dogon gefen. Haka za ka yi ta yi biyu biyu, sai ka sami goma. Ka haɗa goman biyu biyu, su zama biyar, sa'an nan ka haɗa biyar ɗin. In ka fara wannan ɗinki daga sama, na biye da shi ka faro daga ƙasa, gama keke ya kan ja ƙyalle kaɗan, in duk ta gefe ɗaya ka bi sai aikin ya karkace.

Ko wane ɗinki ka gama, ka juya bayansa ka kwantar da bakin da dutsen guga wajen ƙyalle mai duhu, don kada ya nuna ta cikin mai haske. Danna dutsen za ka yi ka ɗaga, ba ja ba.

Gama hawa uku

Ka yanka shafi da ciko su fi fuska da kamar inci 2 ta ko wane gefe, watau inci 18 da inci 44. Ka shimfiɗa shafi fuskarsa ƙasa, ka ɗora ciko, ka ɗora fuska tana duban sama. Ka shafe su da tafin hannu har ba sauran tattara. Sa'an nan ka riƙe su da manyan ɗinki na wucin gadi, da zare mai launi dabam wanda za ka zare daga baya.

Yanzu sai ɗinkin lifidi. Ka fara daga zirin tsakiya, ka bi kan layin haɗi, allura tana huda hawa ukun duka. In ka gama wannan layi, ka bi na kusa da shi, har ka kai ƙarshe, kāna ka komo tsakiya ka nufi ɗaya ƙarshen. Wanda ya fara daga baki, ƙyalle ya kan taru masa a tsakiya, ya rasa inda zai kai shi. Wannan ɗinki shi ke hana ciko dunƙulewa in an yi wanki. Kada ka yi ƙyuya ka tsallake layi.

Rufe baki

Ka datse rarar ciko da shafi su yi daidai da fuska. Kewayen shimfiɗar kamar inci 108 ne, saboda haka ka haɗa dogon ziri mai inci 120, faɗinsa inci 2½, ka ninka shi biyu bisa tsawo, ka goge. Ka ɗora yankakken bakinsa bisa bakin fuska, ka ɗinka da rubu'in inci. In ka kusa kusurwa da rubu'in inci, ka tsaya, ka naɗa zirin sama, ka komo da shi ƙasa bisa gefe na biye, ka ci gaba. In ka kewayo, ka cusa ƙarshen cikin farkon. Daga nan ka juya zirin baya, ka kalmashe shi jikin shafi da hannu, ƙanana ƙanana. Ka zare zaren wucin gadi, ka goge. Aiki ya ƙare.

Wanda ya iya wannan ya iya na shimfiɗar jariri da na bargo, gama hanyar ɗaya ce, sai dai yawan ziri. Ka fara da ƙarami, hannunka ya saba da rubu'in inci tukuna. Allah ya sa albarka.

Tambayoyi

1. Don me a ke wanke guntaye kafin a yanka?
2. In kana son shimfiɗa mai tsawon inci 60, ziri nawa za ka yanka?
3. Me ya sa a ke fara ɗinkin lifidi daga tsakiya?