Ɗakin Uwa Bayan Rasuwarta

Ɗakin uwa shi ne wurin da 'ya'ya suka fi jin nauyin shiga bayan an kai ta makwancinta. A gidaje da yawa akan rufe shi har a share makoki, wasu ma sai bayan sadakar arba'in. Masu aikin rabon gado sun san cewa ranar da aka buɗe ƙofar nan ake fara sauke wa marigayiya haƙƙinta, ko kuma a fara tauye shi ba da sani ba.

Abin da ake tararwa kusan iri ɗaya ne: jeren kwalla da samira a kabad, akwatin zannuwa da turamen da ko ɗinkawa ba a yi ba, carbi rataye a jikin gado, da 'yan kuɗi ƙulle a tsumma a ƙarƙashin katifa. Kewa kan sa kowa ya miƙa hannu. Wannan ta ɗauki mayafin da Inna take zuwa unguwa da shi, waccan ta ce sarƙar gwal dama ita aka yi wa alkawari. Amma duk abin da mace ta mallaka, daga allura har akuyar da ta bayar kiwo a ƙauye, gado ne, kuma yana da tsari.

Bayan hidimar jana'iza, bashi ne a gaba, kuma nan aikin ya fi wuya, domin harkokin iyaye mata a ka suke, ba a takarda ba. Wata uwar adashi ce, zubin mata goma yana hannunta. Wata ta riga ta kwashi nata, saura zubi uku ta cika. Akwai kayan dillaliya da ba a gama biya ba, akwai ajiyar maƙwabciya mai tara kuɗin kayan ɗakin 'yarta. Sau da yawa ƙullin ƙarƙashin katifar nan ba nata ba ne ma. Sanarwar da ake yi a wurin jana'iza, cewa mai bin bashi ya zo ya faɗa, maza ne ke jin ta, alhali masu bin bashin suna cikin gida, kuma kunya ba ta barinsu su yi magana a gaban masu kuka. Don haka sai an bi aminiyarta da abokiyar zamanta da yarinyar da take aika, an tambaye su a keɓe. Haka kuma a binciki abin da ita take bi, kamar ragowar sadaki, ko rabonta na gonar mahaifinta da ba a taɓa fitarwa ba.

Daga nan sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. Rabon kansa yana cikin aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i: miji yana da rubu'i idan ta bar 'ya'ya, rabi idan ba ta bari ba. Idan ta bar ɗa namiji kuma iyayenta na raye, kowannensu yana da sudusi, sauran na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. 'Yar da ke son mayafin nan don tunawa da Inna, sai a yi masa kuɗi a sa a cikin rabonta, ko 'yan'uwa su bar mata da daɗin rai. Rabon ƙaramin yaro kuwa babu mai ikon yafe shi a madadinsa.

Sadakar da za a yi mata daga aljihun mai yi take fita, ba daga dukiyar da ba a raba ba. Sahabi Sa'ad bin Ubada, da mahaifiyarsa ta rasu, rijiya ya haƙa ladan ya je gare ta, shi ya sa har yau ake son sadakar ruwa. Akwai kuma zumuncin da ta bari: ƙannenta, da tsofaffin ƙawayenta da take aika wa tuwon sallah da kunun azumi. Su ne kuma suka san garin da aka haife ta, da wanda ya riƙe ta, da sana'ar da ta ciyar da gida da ita lokacin da 'ya'yan ba su yi wayo ba.